Ruwan da Bai Kwana Ba

"…lafiya lau, in ka cire ruwan da ya wayi gari yana yawo a falona. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai tallan madubi."

"Ta ina zan shiga, kin tare hanya da sanda? Ina kwana dai, Amarya?"

"Yanzu fa na amsa maka. Ko nauyin gilashin ne ya toshe maka kunne?"

"So nake in sake ji. Ba na gajiya da muryar matata."

"Matarka tana gida tana jiranka. Ni mijina ba ya haki don ya hau bene."

Kaka tsohuwar ungozoma ce ta asibiti. Tun da ta ajiye aiki, gwiwoyinta suka hana ta yawan sauka ƙasa, ba ta da abokan hira irin kifayen da ke cikin akwatin gilashi a gefen tagar falonta. Da safen nan ta fito daga ɗaki ta taka ruwa. Akwatin ya buɗe ta kusurwa, ya kwana yana tsiyaya. Ta kwashe kifayen da ɗan ruwan da ya rage ta zuba a bahon wanki, ta shimfiɗa duk tawul ɗin gidan a ƙasa, sannan ta buga wa jikanta waya. Shi kuwa mai koyar da tuƙin mota ne, kuma tun daga zanin goyo ba ta kiransa da komai sai Bakwaini, don wata bakwai ya yi a ciki ya faɗo a tafin hannunta. Ya sallami ɗalibinsa na safe, ya biya shagon masu kifi, ga shi ya iso da sabon akwati a kafaɗa.

Ya sauke shi a kan teburin yana mayar da numfashi. Kaka ta zagaya shi da sanda tana ƙwanƙwasa kusurwoyin.

"Wannan ba zai zubar ba?"

"Ko ke aka saka a ciki ba zai zubar ba."

"Ni ai ban shiga. Kai dai da aka rena a kwalba, ka san daɗin zaman gilashi."

"Kullum sai kin tona wannan. Mutum ya yi gemu, ya yi aure, har yanzu ana yi masa gorin kwalba."

"Gemun ne wannan? Na ɗauka shayi ka sha ganyen ya maƙale."

Bakwaini ya durƙusa a gaban bahon. Kifayen sun cunkushe a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Ga Sarkin Ci, wani rawaya mai ƙaton tumbi, yana zagaye yana buɗe baki. Ga Mai Shara, wanda aikinsa lasar gilashi, ya manne a gefen bahon ya yi fushi. Can gefe kuma ga Baƙa, kifanyar da Kaka ta fi ji da ita. Irin kifin nan ce da ba ya yin ƙwai, 'ya'ya yake haifa da ransu, kuma cikinta ya yi tsini har ya rinjaye ta.

"Kai, Baƙa ta kusa," in ji shi.

"Yau ko gobe. Na duba ta jiya, ciki ya sauka."

"Kin auna mata jini?"

"Na auna, ya fi naka kyau. Tashi ka kwaso tsakuwar tsohon akwatin ka shimfiɗa a sabon, ka dasa ciyawar. In ka gama ka cika mini bokitai da ruwan famfo ka jera su a baranda. Gobe war haka sai mu zuba."

"Gobe?"

"Gobe. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe, maganin da ke ciki ya tashi. Wanda na ajiye na ƙarar da shi shekaranjiya wajen canjin ruwa. Ko ka manta ka'idar gidan nan?"

Bakwaini ya yi murmushi irin na wanda ya zo da labari. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar kwalba mai shuɗin murfi, ya ɗaga ta sama.

"Amarya, yau na kawo miki abin da zai sa ki daina kwana da bokiti."

"Turare ne? Ashe dai ka fara hankali."

"Maganin ruwa ne. Ɗigo kaɗan a bokiti, a juya, kulorin nan da ake zuba wa ruwan famfo ya mutu nan take."

"Nan take."

"Kafin ki gama neman tabaranki."

"Tabarau yana wuyana."

"To kafin ki tuna yana wuyanki."

Kaka ta karɓi kwalbar da yatsu biyu kamar an miƙo mata mataccen ɓera. Ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta girgiza.

"Wa ya sayar maka?"

"Mai shagon kifi."

"Ya ga fuskarka ya ce yau kasuwa ta yi kyau. Abin da iska take kwana tana yi, shi wannan 'yar kwalbar za ta yi kafin ƙiftawar ido? Yaro, kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta."

"Zamani riga ne, tsohuwa."

"Rigar da aka ɗinka da gaggawa a hammata take yagewa. Kai da ko wata tara ba ka iya jira ba, kai za ka koya mini lokaci?"

"Ɗokin ganinki ne ya fito da ni."

"Ka fito kamar ɗan tsako da aka tsoma a ruwa. Na ɗaga ka na ce wa uwarka, to, ga abin da aka samu, a yi haƙuri."

"Amma kika ƙi ba kowa ni."

"Tsoro nake kada iska ta ɗauke ka, a ce a hannuna ka ɓata."

Ya yi dariya ya shiga kicin, ya buɗe famfo ya tara bokiti. Tun kafin ya cika warin ya iso falo. Kaka ta toshe hanci da gefen mayafinta.

"Ka ji ko? Yau kamar ɗakin tiyata. Wannan ruwan za ka zuba wa mai ciki?"

"Shi ya sa na kawo maganin. Ba jira yake kulorin ya tashi ba. Kama shi yake ya juya shi ya koma wani abu mai kama da gishiri, wanda ba ya ƙona kifi. Da zarar ya gauraya da ruwan, an gama. Mai shagon ya ce a juya sosai a ba shi minti biyu ko uku, don hankali ya kwanta kawai. Ya ma ce a wasu wuraren irin wanda ake zuba wa ruwan famfo yanzu ba ya tashi ko an kwanar da shi. Mai naci ne, kamar baƙon da ya ga gado mai laushi."

"Ɗan'uwanka ke nan."

"Ni ai gidan matata nake zuwa."

Kaka ta juya masa baya. Ta ja kujera ta zauna a gaban bahon, ta ɗora hannaye biyu a kan sandar.

"Ka tuna lokacin da aka yi mini aikin gwiwa?" ta ce. "Kawunka na bar wa gidan. Ya ga ruwan ya ɗan yi duhu, ya ce zai burge ni. Ya zubar, ya jona tiyo daga famfo ya cika akwatin fal. Na dawo na tarar da gilashi yana ƙyalli, kifaye duk sun juya ciki sama. Guda ɗaya ta rayu, ita ma don ta maƙale a kwanon da ya manta ne. Ita ce uwar Baƙa. Kakanka ne ya sayo asalinsu, shekarar da ya rasu."

Bakwaini ya ajiye bokitin a hankali.

"Na sani, Kaka."

"To in ka sani, kada ka zo mini da wasan yara."

"Ba wasa na zo da shi ba. Dubi Baƙa."

Ta duba. Baƙa ta taso saman ruwan, bakinta a waje, tana haɗiyar iska da sauri da sauri. Wasu ƙanana biyu sun biyo ta. Ruwan bahon ya fara yin dishi-dishi, kuma ya yi ƙarancin da injin kumfa ba zai zauna a ciki ba.

"Wannan ruwan ba zai kai su gobe ba," in ji shi. "Ke kin fi ni sani. In mai naƙuda tana wannan numfashin, cewa kike a dawo gobe?"

Kaka ta ƙara sunkuyowa. Ta daɗe tana kallon bahon, leɓenta yana motsi. Sannan ta ɗaga kai ta harare shi.

"Wa ya ba ka izinin yin magana mai ma'ana a gidana?"

"Kuskure ne, ba zan ƙara ba."

"To ya zan yi in san kwalbarka ba ƙarya take ba? Kifi ba ya magana."

"Gani ya kori ji." Ya sake laluben aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani, ya zaro siririyar takarda mai ɗan farin tabo a baki. "Takardar gwaji ce. In akwai kulorin za ta canja launi."

Fuskar Kaka ta saki. "Au, irin wadda muke tsomawa a fitsarin masu ciki! Wannan kam na san danginta. Ba ni nan, ba ka iya riƙewa ba."

Ta gyara tabarau, ta tsoma takardar a bokitin, ta fitar ta karkaɗe ta sau ɗaya irin na wadda ta shekara tana yi. Farin tabon ya rine ya koma ruwan hoda mai duhu.

"Ka gani? Guba zalla. Da kawunka yana nan da na shafa masa a goshi."

"To yanzu kalli ikon Allah."

Ya buɗe kwalbar, ya duba rubutun jikinta, ya ɗiga a bokitin.

"Shi ke nan?" in ji Kaka. "Wannan ai ko idon kyanwa ba zai cika ba. Ƙara."

"Haka aka ce. Ke da kike faɗan a bi ƙa'idar magani?"

"Rowa ce dai, ta gado. Kakanka ma haka yake zuba mini sukari."

Ya ɗauko doguwar ludayi daga kicin ya shiga juyawa.

"Wannan ludayin miyata ce!"

"Na wanke ta, babu ko sabulu a jiki. Yau ta samu ƙarin girma."

"Juya da kyau to. Kana juyi kamar mai tsoron ruwan. Haka kake koya wa mutane juya sitiyari? Shi ya sa duk motar da na gani a kwata nake cewa ɗalibin jikana ne."

"Ɗalibaina ba sa faɗawa kwata. A hankali nake koya musu."

"Kai? A hankali? Mai koyar da tuƙin da aka haifa babu birki?"

"Ke kuma da an ba ki mota, sai kin ce ta kwana a buɗe kafin a tayar."

"Da an rage haɗari."

Ya zare ludayin, ya miƙa mata sabuwar takarda. Ta ƙi karɓa.

"Tun yanzu? Ko ruwan bai gama juyawa ba."

"Tsoma dai."

Ta tsoma, ta fitar, ta karkaɗe. Ta kai ta gaban taga. Ta jira. Ta juya ta baya, ta sake juyo ta. Tabon yana nan fari fat.

"Wannan takardar ta lalace."

"Daga gwangwani ɗaya suka fito."

"To ka ba ta cin hanci."

"Da me? Ke kika riƙe ta."

"Kun haɗa baki tun a mota."

Ta sunkuya ta shinshina bokitin, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Warin nan na ɗakin tiyata babu shi. Ta miƙe da sandarta, ta shiga kicin, ta taro ruwa a kofi da hannunta, ta zaro takarda da kanta ta tsoma. Ruwan hoda. Ta dawo ta zaro wata ta tsoma a bokitin. Fari.

"Za ki ƙarar mini da takardun," in ji Bakwaini.

"Yi mini shiru, ina bincike."

"Me binciken ya nuna, likita?"

"Ya nuna ko agogon da ya tsaya yakan yi daidai wani lokacin. Kada ka kumbura."

"Na riga na kumbura. A buɗe mini taga."

"In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ba a musu. Amma kai ba kifi ba ne, saboda haka zan ci gaba da musu. Shimfiɗa tsakuwar."

Ya shimfiɗa tsakuwa, ya dasa ciyawar a kusurwa, ya ajiye ɗan tulun da kifayen suke ɓuya a ciki. Sai ya tsaya yana waige-waige.

"Ina matata?"

"Ga ni zaune. Makanta ta fara?"

"Ba ke ba, matatar ruwa."

"Au, har ka yi mini sabuwa? To tana can cikin kwano, na jiƙa ta da tsohon ruwan."

Ya ɗauko matatar, ya zare soson da ke cikinta. Ya yi baƙi-ƙirin, yana yauƙi. Ya yamutsa fuska ya nufi kicin da shi.

"Ina za ka?"

"Zan wanke shi a famfo. Dubi dauɗa."

Sandar Kaka ta tare ƙofar kicin kafin ya kai. Bai taɓa sanin tana da wannan zafin naman ba.

"Ajiye! Ka gama yi mini wa'azin kulorin, yanzu za ka kai masa soson da bakinsa? Wannan da kake kira dauɗa, wasu ƙananan halittu ne a ciki da ido ba ya gani. Su suke cinye ƙazantar kifin. Ka sa su a ruwan famfo, sun mutu, sabon akwatinka ya zama masai. Matsa shi sau biyu a tsohon ruwan ka mayar."

Bakwaini ya tsaya da soso a hannu. "Mai shagon bai faɗa mini wannan ba."

"Mai shagon sayarwa yake, ni reno nake. Abin da babba ya hango a zaune…"

"…yaro ko ya hau bene da akwati a kafaɗa. Na ji. Na tuba."

"Ba ka gama tuba ba. Kawo bokitin nan."

Ta naɗe hannun rigarta, ta tsoma gwiwar hannu a bahon kifin, ta fitar, ta tsoma a bokitin. Ta girgiza kai.

"Sanyi. Ka jefa mai ciki a wannan, ko babu guba sai ta sandare. Ɗora buta."

"Da gwiwar hannu kike aunawa? Akwai fa abin auna zafi."

"Wannan gwiwar ta auna ruwan wankan jarirai fiye da gashin kanka. Har da naka. Kai ne ma ka fi kowa ihu."

"Ƙila ruwan ya yi zafi."

"Ruwan daidai yake, halinka ne."

Ruwa ya yi ɗumi a buta, ya zo ya tsiyaya a bokitin kaɗan kaɗan, ita kuma tana tsoma gwiwar hannu har ta ce ya isa. Ya ɗauki kwalbar ya ƙara ɗigo.

"Har na butar?" ta tambaya.

"Shi ma ɗan famfo ne. Ba a raba ɗa da halin gidansu."

"Wannan gaskiya ne. Kullum in na gan ka ina tuna hakan."

Daga nan aiki ya kankama. Shi yana tarowa yana kawowa, ita tana zaune a kujera, bokiti a gabanta. A bokiti na biyu ta ce hannunsa rawa yake, ta ƙwace kwalbar. Ta ɗiga, ta juya da ludayi, ta auna da gwiwar hannu, ta ce "ɗauka". Ya ɗora faranti a kan tsakuwar yana zuba ruwan a kai don kada ya tono ciyawar. Kafin akwatin ya kai rabi, Kaka ta daina jiran komai, tana gama juyawa take tura masa bokitin da ƙafa.

"A'a, Amarya, ba za a bari ya kwana ba?"

"Ɗauka ka ba ni wuri."

"Gaggawa fa aikin shaiɗan ce."

"Shi ya sa na kira ka."

Akwati ya cika. Ya jona matatar, kumfa ta fara tashi tana ɓul-ɓul. Kaka ta sake tsoma takarda a akwatin kansa, ta ga fari, ta yi ƙwafa kamar an ɓata mata rai. Sannan ta sa shi ya riƙa ɗiban sabon ruwan da kofi yana zubawa a bahon sannu sannu, don kifayen su saba da shi kafin a tashe su.

"Wa za a fara sakawa?" in ji Bakwaini. "Ni dai na ce Sarkin Ci. In abin ya ɓaci an rage kashe kuɗin abinci."

"Ka ji mugu. Don ya yi kama da kai a gaban faranti?"

"To Mai Shara."

"Shi kaɗai ne mai aikin yi a gidan nan. Kai dai sa kanka a ciki mu gani, in ka yi minti biyar lafiya sai a kawo su."

"In na mutu wa zai aure ki?"

"Layi ake yi. Mai gyaran lantarki ma jiya sai da ya tambayi lafiyata sau biyu."

"Kuɗin aikinsa yake so ki ƙara."

A ƙarshe Sarkin Ci ne ya yanke musu gardama, don shi ya faɗa cikin 'yar ragar ɗiban kifi da kansa, yana zaton abinci ne. Kaka ta ce bismillah, ta sauke shi a sabon ruwan. Su biyun suka manna fuska a gilashi. Ya tsaya cak. Ya karkaɗa jela. Ya zagaya tulun sau ɗaya, ya gangara ƙasa ya fara tonon tsakuwa yana neman abin ci.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Bakwaini. "Ga shaida, yunwa."

Aka kwaso sauran ɗaya bayan ɗaya. Mai Shara ya manne a sabon gilashin ya rasa abin lasa. Ƙananan suka bazu. Baƙa ce ta ƙarshe, kuma Kaka ba ta yarda a sa mata raga ba. Da kofi ta ɗebo ta, ta nutsar da kofin a ruwan, ta bar ta ta fita don kanta.

Baƙa ta fita. Ba ta zagaya ba kamar sauran. Ta sulale ta shige bayan ciyawar, ta sauka kusa da ƙasa ta tsaya. Jikinta ya ɗauki ɓari.

Murmushin Bakwaini ya ɗauke.

"Kaka, me ya same ta?"

Kaka ta ƙura wa Baƙa ido.

"Ko na yi kuskuren ɗigon ne? Bari in sake karanta kwalbar. Wallahi yadda aka rubuta na bi. Ko mu mayar da ita bahon? Kaka, yi magana mana."

"Matsa ka ba ni haske."

Ta jawo kujerar har gwiwoyinta suka taɓa teburin. Ta kalli yadda Baƙa take lanƙwasa jiki tana miƙewa, ta kalli ƙasan cikinta. Sai ga wani murmushi yana taso mata tun daga ido.

"Wawa. Wannan ba ciwo ba ne. Naƙuda ce."

"Yanzu?"

"Da sai ta nemi izininka? Ta samu ruwa mai daɗi, ta samu iska, me za ta jira?"

Baƙa ta yi wata 'yar girgiza. Wani abu kamar ƙwayar shinkafa mai idanu biyu ya faɗo, ya nutse kaɗan, ya warware, ya harba cikin ciyawa.

"Kai! Kin gani? Kin gani?" Bakwaini ya daka tsalle har ya taka jiƙaƙƙen tawul ya kusa zamewa. "Ya fito da gudu!"

"Ɗan gidanku ne. Rage murya, nan ɗakin haihuwa ne, ba tasha ba."

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Sai ga Sarkin Ci ya bar tonon tsakuwa, ya juyo a hankali ya nufo ciyawar, baki buɗe.

"Ga ɗan barka nan ya taho," in ji Kaka, muryarta ta koma irin ta da, ta lokacin da take ba ma'aikata umarni. "Tare shi da raga! Ba haka ba, ta gaba! Yauwa. Yanzu ruga kicin ka kawo mini rariya, sabuwar, tana rataye bayan ƙofa. Da maƙalen shanya guda biyu. Yi sauri!"

"Sauri kika ce?"

"Bakwaini, in na tashi!"

Ya kawo. Ta nutsar da rariyar rabi a ruwan, ta maƙale ta a bakin akwatin, ta zama ɗan ɗaki. Duk wanda ya faɗo, sai ta bi shi da cokali a hankali ta ɗebo ta saka a ciki. Hannun da yake rawa in za ta sa zare a allura, yau ko motsi bai yi ba. Bakwaini yana gefe da raga yana gadin Sarkin Ci, yana yi masa nasiha a kan haƙƙin maƙwabtaka. Suka yi ta ƙirga jariran suna rikicewa, shi ya ce wannan an ƙirga shi, ita ta ce wancan ne, har suka haƙura da lissafin.

Da Baƙa ta gama, ta fito daga bayan ciyawar siririya kamar ba ita ba, ta hau sama ta karɓi abincin da Kaka ta barbaɗa mata. Rariya kuwa ta cika da ƙananan idanu.

Kaka ta jingina da kujera ta sauke ajiyar zuciya. Ta share gefen idonta da mayafi, ta ce kumfar ce ta fantsar mata.

"To, Amarya," in ji Bakwaini yana murɗa tawul a bokiti, "a faɗi gaskiya a gaban jarirai. Kwalbata ta yi ko ba ta yi ba?"

"Gwiwar hannuna ta yi."

"Kwalbar fa?"

"Soson da na ƙwata ya yi."

"Kaka."

"To, ta yi! Ta yi, mai baƙin naci. Da na bi tawa, da yanzu wani zancen ake. Ka ji daɗi?"

"Maimaita, ban kunna rikoda ba."

Ta kai masa duka da sanda, ya goce, ta fashe da dariya har da tari. Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan aljihun tebur. Ta fito da wani abu a dunƙule a hannu, ta kama gaban rigarsa ta maƙala masa. Ɗan agogo ne na azurfa, irin wanda ma'aikatan jinya suke ratayawa a ƙirji, fuskarsa a juye.

"Da shi na yi aiki tun ina budurwa," ta ce. "Da shi na ƙirga bugun zuciyarka ranar da ka zo, ina roƙon Allah kada ya tsaya. Riƙe, ka ci ladanka."

Bakwaini ya dubi ƙirjinsa. Ya ɗaga agogon a tafin hannu yana kallo. Ya kai shi kunne. Ya girgiza shi, ya sake kai shi kunne.

"Kaka, ai ba ya tafiya."

"Da yana tafiya zan ba ka? Ɗauki tawul ɗin can, har yanzu ƙarƙashin kujera da ruwa."